Idan jirgin yaƙi ya faɗi a hurumin maƙwabta

Ranar 6 ga Mayu 2013 wani jirgin yaƙin Nijeriya ƙirar Alpha Jet ya faɗi a Dargol, wani gari da ke yammacin Yamai a yankin Tillaberi na Jamhuriyar Nijar. Matuƙansa biyu duka sun rasu. Jirgin ba ɓatan kai ya yi ba. Tun watan Janairun shekarar aka girke shi da 'yan'uwansa a filin jirgin Yamai, cikin rundunar ƙasashen Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a tura Mali, wadda Manjo Janar Shehu Abdulkadir na Nijeriya ke jagoranta. Hedikwatar tsaro a Abuja ta ce ba a bakin fama jirgin yake ba sa'ad da ya faɗi. Aka kwaso gawarwakin aka kawo gida, aka yi ta'aziyya, magana ta mutu ba tare da ƙasashen biyu sun yi wa juna ko da kallon banza ba.

Shekara 12 bayan haka, ranar 8 ga Disamba 2025, wani jirgin sojan Nijeriya, C-130 mai ɗaukar kaya, ya sauka a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. Bai faɗi ba, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Rundunar sojin sama ta ce daga Legas ya tashi za a kai shi Fotugal, sai matuƙa suka ga alamar matsala suka nemi filin da ya fi kusa. Amma ƙawancen ƙasashen Sahel, wato Mali da Burkina Faso da Nijar, ya fitar da sanarwa a daren nan cewa an keta masa sararin samaniya ba izini, kuma ya umarci dakarunsa su kakkaɓo duk jirgin da ya sake yin haka. Aka tsare sojoji 11. Sai da ministan harkokin waje na lokacin, Yusuf Maitama Tuggar, ɗan jihar nan tamu ta Bauchi, ya je Wagadugu ya gana da shugaban Burkina Faso, Kyaftin Ibrahim Traore, ranar 17 ga watan, sannan aka sallame su.

Wanda ya faɗi ya kashe mutum biyu bai jawo rigima ba, wanda ya sauka lami lafiya shi ne ya kusa haɗa ƙasashe faɗa. Dalilin wannan bambanci nake so mu bi a hankali, domin mu mutanen Bauchi abin ba nesa da mu yake ba. A garin nan rundunar sojin sama ta kafa hedikwatar sashenta na ayyuka na musamman, a zamanin shugabancin Sadique Baba Abubakar, mutumin Azare. Ita kanta rundunar a 1964 aka kafa ta, da taimakon Jamus ta Yamma, lokacin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa da ke kwance a garin nan. Ɗan kasuwar Wunti da ke ɗaga kai idan ya ji rugugin jirgi ya wuce, ƙila bai taɓa lissafa cewa jirgin yaƙi da ya tashi daga nan ya miƙe arewa ba zai yi rabin sa'a ba ya bar Nijeriya.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne sama tana da mai ita. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce uwar dokokin sufurin jiragen sama, ta buɗe da wannan magana ce: kowace ƙasa tana da cikakken iko a kan sararin da ke bisa ƙasarta. Jiragen fasinja an yi musu sauƙi ta hanyar wasu yarjeniyoyi, amma jirgin gwamnati, na soja ne ko na 'yan sanda ko na kwastan, ba shi da hurumin bi ta saman wata ƙasa ko sauka a cikinta sai da izini na musamman. Ana neman izinin nan ta ofishin jakadanci kwanaki kafin tafiya. Ana ba da lamba, a rubuta irin jirgin, da ranar tafiya, da inda zai shiga, da inda zai fita, da abin da ya ɗauko. Ranar da aka rubuta ta wuce, ko jirgin ya bar hanyar da aka shata masa, to izinin ya zama takardar banza.

Mutumin Bauchi ba zai sha wahalar gane wannan ba. Da can, lokacin da ganuwar da Sarki Yakubu ya zagaye garin Bauchi da ita take tsaye, baƙo ba ya haurowa ta inda ya ga dama. Sai ya biyo ta Ƙofar Wunti, ko ta Ran, ko ta Wambai, ya faɗi sunansa da abin da ke tafe da shi. Wanda aka gani yana hawan ganuwa da dare kuwa, ko da alheri ya zo, kibiya ce za ta fara yi masa sallama. Sama ba ta da ganuwa, amma tana da ƙofofi: wurare ne da aka sa wa suna a taswirar matuƙa, inda dole jirgi ya kira ya sanar da kansa kafin ya wuce daga hannun masu kula da sararin Kano zuwa hannun na Yamai ko na Injamena. Na Nijeriya hukumar NAMA ce ke riƙe da su, na Nijar da Chadi kuwa ASECNA, wadda ƙasashen da Faransa ta rena suka haɗu suka kafa tun 1959.

To me ke kai jirgi inda ba a gayyace shi ba? Sau da yawa gudu ne kawai. Jirgin da ke tafiyar kilomita 720 a sa'a yana cin kilomita 12 a minti guda, mita 200 ke nan kowace daƙiƙa. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma daga sama ba abin da ke nuna ta. Gonar gero ta Jibiya da ta Madarumfa kamarsu ɗaya, rumbunan iri ɗaya, bukkokin iri ɗaya. Matuƙin da ke bin ayarin babura a dajin kan iyaka, idonsa na ƙasa, hannunsa na kan linzami, juyi ɗaya mai faɗi ya isa ya kai shi wata ƙasa ya dawo da shi bai ankara ba. Ƙara da hazon hunturu da ke rufe ƙasa ruf daga Disamba zuwa Fabrairu, da hadarin damina da ke tilasta wa matuƙi kauce hanya, da mai da ke ƙarewa, da injin da ke tari. Jirgin da aka harba ma ba nan take yake rikitowa ba. Idan yana can sama sosai, zai iya sulalewa kilomita masu yawa kafin ya taɓa ƙasa, ta yadda za a harbe shi a wannan ƙasa ya faɗi a waccan.

Akwai hanyoyin da aka tanada don kada kuskure ya zama gawa. Kowane jirgi na ɗauke da wata na'ura da ke amsa wa rada, tana aika lamba huɗu. Idan matuƙi ya sa 7700, duk mai kallon allon rada ya san yana cikin haɗari. Idan ya sa 7600, rediyonsa ce ta mutu. Akwai zangon rediyo na gaggawa, 121.5, da kowace hasumiya ke saurare dare da rana, sojoji kuma suna da nasu, 243. Idan an kira jirgi bai amsa ba, ƙa'ida ita ce a tayar da jirgin yaƙi ya je ya duba shi. Zai zo ta gefen hagu ya ɗan wuce gaba inda matuƙin zai gan shi, ya kaɗa fikafikansa, ma'ana ka biyo ni. Idan ya sauko da tayoyinsa a saman wani fili, ma'ana ka sauka nan. Baƙon jirgi ya kaɗa nasa fikafikan, ya nuna ya ji ya bi.

Wannan tsari kyakkyawa ne a lokacin zaman lafiya. A fagen yaƙi kuwa matuƙi da gangan yake kashe na'urar nan, ya yi ƙasa-ƙasa da tafiya don kada a gan shi, ya rufe bakinsa a rediyo. Duk abin da ke kare shi daga abokin gaba shi ne ke sa maƙwabci ya ɗauke shi maƙiyi. Sojan da ke zaune gaban rada a ɗaya ɓangaren ɗigo kawai yake gani yana nufo shi, ba suna ba tuta, kuma 'yan daƙiƙoƙi gare shi ya yanke shawara. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ranar 1 ga Satumba 1983, mutum 269 suka halaka, an ƙara wani sashe a yarjejeniyar Chicago a 1984 da ya hana buɗe wa jirgin farar hula wuta. Jirgin soja bai shiga cikin wannan kariya ba. Abin da ya rage masa shi ne tausayin wanda ke riƙe da kunamar makamin, da kuma irin zaman da ake yi tsakanin gwamnatocin biyu a ranar.

Daƙiƙa 17 Turkiyya ta ce jirgin Rasha ƙirar Su-24 ya yi a samanta ranar 24 ga Nuwamba 2015 kafin ta harbo shi. Rasha ta ce bai taɓa barin saman Siriya ba, kuma a Siriya tarkacen ya faɗi. Watanni bakwai aka yi ana zaman doya da manja, an taƙaita ciniki da yawon buɗe ido, har sai da Shugaba Erdogan ya aika wa Putin wasiƙa a Yunin 2016.

Mun ga irinta kusa da gida. A daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu 2025, Aljeriya ta harbo jirgi marar matuƙi na sojan Mali, ƙirar Turkiyya, kusa da Tinzawatan. Aljeriya ta ce ya shigo mata kimanin kilomita biyu, ta kafa hujja da bayanan radarta. Mali ta ce an tsinci tarkacen kilomita 9.5 kudu da iyaka, cikin ƙasarta, ta kafa hujja da inda ya faɗi. A nan gardamar take kullum. Mai rada yana nuna layin da shi kaɗai ya zana, mai tarkace yana nuna ramin da bai faɗi inda aka yi harbin ba. Mali da Nijar da Burkina Faso suka janye jakadunsu daga Aljiyas, Aljeriya da Mali suka rufe wa juna sama, Mali ta kai ƙara kotun duniya a Hague, Aljeriya ta ƙi amincewa da hurumin kotun a kan maganar. Ba ran mutum ko ɗaya a cikin jirgin nan, ƙarfe ne da waya, amma ya raba ƙasashe huɗu.

Idan akwai mutum a ciki, makomarsa ta danganta da inda ƙafarsa ta sauka. Jiragen yaƙi irin Alpha Jet suna da kujerar da ke cilla matuƙi sama idan ya ja wani hannu da ke tsakanin cinyoyinsa. Kujerar ta rabu da shi, lema ta buɗe, wata 'yar na'ura ta fara aika alamar inda yake. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya hana harbin wanda ke saukowa da lema daga jirgin da ya lalace, ya kuma ce idan ya sauka a ba shi damar miƙa wuya. Matuƙin Rasha na 2015 a cikin lemarsa 'yan tawaye suka harbe shi. Idan ya sauka a hannun ƙasar da ake yaƙi da ita, fursunan yaƙi ne a ƙarƙashin yarjejeniyar 1949: a ciyar da shi, a yi masa magani, kada a wulaƙanta shi. Abhinandan Varthaman na Indiya, wanda aka harbo jirginsa ranar 27 ga Fabrairu 2019 ya faɗi a ɓangaren Kashmir da ke hannun Pakistan, ranar 1 ga Maris aka miƙa shi gida. Idan kuwa ƙasar 'yar ba-ruwanmu ce, tsohuwar al'ada ita ce ta riƙe shi da jirginsa har yaƙi ya ƙare, don kada ɗaya ɓangaren ya ce ta ɗauki gefe. Haka Suwizalan ta yi da jiragen Amurka sama da 150 a Yaƙin Duniya na Biyu.

A wancan yaƙin ma iyakar nan tamu ta taɓa zama bakin wuta. Daga Satumba 1940 Ingila ta riƙa harhaɗa jirage a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena, har Khartum da Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Chadi ta bi bayan Janar de Gaulle na Faransa, shi ya sa hanyar ta buɗe, amma Nijar tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai ɗasawa da Jamus. Matuƙin da hazo ya ruɗa tsakanin Kano da Maiduguri ya karkata arewa, ƙasar da ba ta maraba da shi ya nufa, alhali mutanen da ke ƙarƙashinsa a Damagaram da Daura dangin juna ne.

Matuƙanmu na yau ba a hannun gwamnati suke faɗawa ba galibi, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ranar 12 ga Satumba 2014 wani Alpha Jet ya tashi daga Yola bai dawo ba, daga baya Boko Haram ta yi wa ɗaya daga matuƙansa, Wing Kwamanda Chimda Hedima, kisan gilla. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo wani a tsakanin Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da lema, ya yi ta ɓuya yana tafiya cikin dare har ya isa wurin sojoji. Ya tsira ne saboda masu nemansa suna da ikon shawagi a kansa su kore masu farautarsa. A ɗauka a ce a dajin da ke hayin iyaka ya sauka. Jirgin ceto ba zai ƙetara ba sai an nemi izini, kuma kafin waya ta tashi daga Abuja ta isa Yamai ta dawo, masu babura sun riga kowa.

Tarkacen ma yana da nasa hukunci. Jirgin soja mallakin ƙasarsa ne ko ya zama ƙuraje, amma ƙasar da ya faɗa ita ke da iko da wurin, ita ke cewa wa zai matso. Ƙa'idojin binciken haɗarin jirgi na hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, waɗanda suka wajabta fitar da rahoto kowa ya gani, na jiragen farar hula ne. Na soja kwamitin soja ke bincikensa, kuma ba dole ba ne a bayyana abin da ya gano. Idan ƙasashen na shiri, sai su yi aikin tare. Idan ba sa shiri, mai riƙe da akwatin naɗar bayanai shi ke riƙe da labari.

Ba zan yi wannan bayani in tsallake mutanen ƙasa ba, domin idan jirgi ya ƙetare iyaka ba matuƙi kaɗai ke cikin haɗari ba. Ranar 17 ga Fabrairu 2015 wani jirgi ya jefa bam a kan masu zaman makoki a Abadam, ɓangaren Nijar, mutum aƙalla 36 suka mutu. Nijeriya ta ce ba nata ba ne. Ranar 18 ga Fabrairu 2022 a ƙauyen Nachade da ke gundumar Madarumfa, gwamnan Maraɗi ya ce harin jirgin Nijeriya da ke bin 'yan bindiga ya kashe yara bakwai. Yaran nan Hausawa ne, harshenmu ɗaya, ƙila iyayensu a Jibiya suke cin kasuwa. Nijar ta wancan lokaci ta kira abin kuskure, ba ta ɗaga murya ba. Na tabbata da yau abin ya faru, ba haka za a ji ba.

A nan bambancin Dargol da Bobo-Dioulasso yake. A 2013 akwai takarda kuma akwai yarda. Jirgin baƙo ne da aka gayyata, sunansa na cikin littafin masu masauki, shi ya sa faɗuwarsa ta zama rashi na kowa. Ko a ranar 7 ga Disamba 2025, kwana ɗaya kafin saukar Bobo, jiragen yaƙin Nijeriya sun shiga saman Kwatano sun taimaka wajen murƙushe yunƙurin juyin mulki, ba wanda ya kira shi kutse a Benin, domin gwamnatin Patrice Talon ce ta roƙa. Ƙila ma wannan shigar ce ta sa sojojin Sahel suka kalli C-130 ɗin da idon zargi washegari. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai igiyar ke tsinkewa zare-zare: ECOWAS ta yi barazanar ƙarfi, Nijar ta rufe samanta ranar 6 ga Agusta, ƙasashen Sahel uku suka kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025, sannan a ƙarshen Maris Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwar tafkin Chadi mai hedikwata a Injamena, wadda ita ce inuwar da sojojin yankin ke fakewa a ciki idan aiki ya kai su bakin iyakar juna. Kafin haka, babban hafsan tsaron Nijeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agustan 2024 ya gana da takwaransa na Nijar, Janar Moussa Salaou Barmou, an yi alkawarin ci gaba da aiki tare, amma a Disambar shekarar shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tiani, ya fito da Hausa yana zargin Nijeriya da haɗa baki da Faransa. Su kuwa 'yan bindiga da Lakurawa da mayaƙan tafkin Chadi ba su janye daga ko'ina ba, kullum suna ƙetarawa, jiragen kuma na bin su har bakin layi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke hana faɗuwar jirgi zama rikicin ƙasa da ƙasa ƙananan abubuwa ne da ake shiryawa tun da wuri: layin waya kai tsaye tsakanin kwamandojin sama na Katsina da Maraɗi, na Maiduguri da Diffa, wanda ba sai ya bi ta fadar shugaban ƙasa ba, jami'in tuntuɓa na kowace ƙasa zaune a ɗakin aikin ɗaya, rubutacciyar yarjejeniya cewa jirgin ceto zai iya ƙetarawa nisa kaza cikin sa'o'i kaza, da alkawarin cewa idan bam ya faɗa kan ƙauye za a yi bincike tare, a faɗi sakamako, a biya diyya. Ba sai an shirya a kan ECOWAS ko Faransa ko wa ya cancanci mulki ba kafin a yi waɗannan. Amurka da Rasha, da duk gabar da ke tsakaninsu, sun buɗe irin wannan layin waya a kan saman Siriya tun Oktoban 2015.

Kirana ga 'yan majalisarmu na Bauchi da na jihohin kan iyaka, musamman waɗanda ke kwamitocin tsaro da na sojin sama, shi ne su tambayi hafsoshi a zauren majalisa: idan gobe jirginmu ya faɗi a hayin Maraɗi ko Diffa, wa za a kira, kuma cikin minti nawa jirgin ceto zai samu izinin shiga? Sarakunan Katsina da Daura da Maraɗi da Damagaram, waɗanda zumuncinsu ya girmi iyakar, su sa baki gwamnatocin biyu su zauna a kan wannan magana ɗaya kafin hazon bana ya sauka.